Shekarar da Aka Sanyaya Hayaƙi

An kawo ni Yamai amarya ba da daɗewa ba bayan sojoji sun karɓi mulki, lokacin da fari ya gama da shanun arewa ya juyo kan masu su. Daga Damagaram aka ɗauko ni, ni da akwatin lefe da wani kwali ɗaure da igiya wanda ban yarda kowa ya riƙe mini ba. Littattafaina ne a ciki, ƙananan littattafan soyayya da ake shimfiɗawa a ƙasa a kasuwa, wasu na Hausa, wasu na Faransanci masu hotuna. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, kuma abin da na tsira da shi ke nan, na iya karanta yadda saurayi ke tsayawa da budurwa a bakin ruwa ya ce mata ita ce hasken idonsa. Na zo da tabbacin cewa tunda garin yana da kogi, ni ma za a faɗa mini haka.

Mijina bai taɓa faɗa ba. Mutum ne dogo, mai shiru, wanda ko ya yi wanka sau biyu warin mazut ba ya barin wuyansa. Mazut shi ne baƙin man nan mai kauri kamar zuma da ake ƙonawa a manyan murahun masana'antu. Shi ke kula da murhun wata masana'anta da ke tsakanin unguwarmu da kogi. Mun kama ɗaki biyu a wani gidan haya a gefen unguwar Talaje, kuma in na tsaya wajen igiyar shanya ina hango bututun hayaƙinsu ya zarce katanga, dogo, baƙi, da jan zobe a wuya. Da safe in ya hau mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, ya tafi, sai in riƙa duban hayaƙin ina ce wa raina numfashinsa ne. Haka nake a lokacin. Shi kuwa tasa soyayyar ita ce duk ƙarshen wata ya biya ta Babbar Kasuwa ya sayo mini littafi ɗaya, ya ajiye a kan matashi bai ce komai ba.

Garin a tsorace yake. Mutanen arewa sun kafa bukkokin tabarma a bayan unguwa, matansu suna bi gida gida suna tambayar ko akwai daka. Gero sai a mafarki, jar dawar taimako muke tuƙawa. Sojoji kuma ba su san wasa ba. Sukan faɗo ma'aikata da sassafe su rufe ƙofa, wanda ya makara ya rabu da aikinsa ke nan. An ce an ɗauke wani mai kula da sito saboda hatsi ya ruɓe a hannunsa, kuma ban ji wanda ya ce ya sake ganinsa ba. Kalmar da kowa ke tsoro ita ce zagon ƙasa. Masana'antar su mijina ta gwamnati ce, don haka aka turo musu wani kapiten na soja, aka ba shi biro, wato ofis, kusa da na darakta.

Wata rana cikin bazara mijina ya dawo hutun tsakar rana kamar kullum. Na ajiye masa tuwo da miyar kuka. Ya wanke hannu, ya zauna yana duban kwanon har tuwon ya yi fata.

"Maigida, miyar ce ba ta yi ba?"

"Miya ta yi."

"To rasuwa aka yi?"

"Ba wanda ya rasu. Kapiten ne yake so in sanyaya hayaƙi."

Na yi dariya, na zaci yau dai ya gwada wasa. Bai yi dariya ba. Ya jawo tukunyar ruwan zafi da na sauke, ya ɗauki wani murfin kwano mai sanyi ya kifa a kai. Da ya ɗaga, cikin murfin duk ya jiƙe.

"Kin ga gumin nan? To shi ne ya hana ni cin tuwo."

Ban taɓa jin ya yi doguwar magana kamar ta ranar ba. Ya ce hayaƙin murhu ba a barinsa ya fita da dukkan zafinsa. Kafin ya kai bututu sai ya ratsa tsakanin wasu tiyoyin ƙarfe ya bar musu zafi, su kuma su ɗumama iskar da ke shiga wuta. Iya zafin da ka ƙwace daga hayaƙi, iya mazut ɗin da ka tsimi. Akwai wata ƙofar ƙarfe da ake juyawa, ita ke raba hayaƙin da zai bi ta tiyoyin da wanda zai wuce kai tsaye. Baturen da ya kafa murhun ya bar shi hayaƙi na fita da zafin digiri ɗari biyu, ya koma ƙasarsu. Shi kuma kapiten ya dubi allurar ma'aunin zafi ya ga ɗari biyu, ya tambaya ruwa a nawa yake tafasa, aka ce masa ɗari. Ya ce ashe ninkin tafasar ruwa ake watsarwa sama, a ƙasar da motar mazut kan yi wata ba ta iso ba, don motocin hatsi sun cika hanyar da ta taso daga teku.

"Ai kuwa yana da gaskiya," na ce.

"Rabin gaskiya gare shi. Ɗari biyu ta yi yawa, ni ma na sani. Amma mazut ɗinmu akwai farar wuta a ciki. In hayaƙin ya huce ya wuce wani wuri, sai ya yi gumi a jikin ƙarfe kamar murfin nan. Gumin kuwa ba ruwa ba ne, ɗan'uwan ruwan batir ne. Ci yake."

"A nawa yake fara gumin?"

"Nan gizo ke saƙar. Wajen ɗari da arba'in, ɗari da hamsin, ya danganta da man da aka kawo. Ba mu da na'urar aunawa. Kuma ƙarfen kullum ya fi hayaƙin sanyi, dole a bar tazara. Na ce masa ɗari da saba'in. Ya ce ɗari da talatin."

"Ba ka gaya masa zancen gumin ba?"

"Na gaya masa. Ya ce in kawo shaida. Na ce shaidar tana jikin tiyo, ba a ganinta sai an kashe wuta kwana uku murhu ya huce. Ya ce ba za a kashe wutar gwamnati kwana uku don a leƙa tsoron mutum ɗaya ba."

Akwai wani babban kaye, littafin rajista, a ɗakin murhu. Duk lambar da aka tsayar, mai kula da murhu ne ke rubutawa ya sa hannu. In ya ƙi, ya ƙi umarnin soja. In ya sa, ranar da tiyoyin suka huje masana'anta ta tsaya, sunansa ne a ƙarƙashin lambar, kuma sababbin tiyoyi sai an aika ƙasar Turawa.

"Ka sa hannun?"

"Na sa."

Bakina kuwa ya san abin da ake faɗa a irin wannan wuri. Na matso na ce masa ko ina suka kai shi zan bi shi, ko da ƙafa, ko cikin rairayin arewa ne. Ya dube ni ya ce, "Ke dai rufe tuwon nan, ƙuda."

Bayan kamar kwana goma iska ta juya. Damina ta ƙi sauka, amma iskarta ta zo, tana tasowa daga wajen kogi da hantsi, ta kwantar da hayaƙin ya bi ta kan rufinmu. Da yamma hadari ya haɗu, mutane su fito suna dubansa, ya watse.

A cikin kwanakin nan na wanke zannuwan lefena guda uku da farar rigar mijina ta zuwa Juma'a, wadda ba shi da wata fara sai ita. Da na je kwashewa na tarar da ɗigo-ɗigon baƙi a jikinsu kamar kashin ƙuda, mai ɗan maiƙo. Na kakkaɓe, na ce tokar murhun maƙwabta ce, na ninke na sa a akwati. Da mako ya zagayo na ciro shuɗin zanen zan ɗaura, sai na ga duk inda ɗigo ya zauna ya zama huda, ƙanana, kamar an soka allura mai zafi, bakinsu ja-ja. Na ciro sauran. Duka. Farar rigar ta fi kowanne.

Na zauna a ƙasa. Ranar da za a taho da ni, mahaifiyata ta dafa akwatin nan ta ce macen da ta lalata kayan lefenta tun shekara ba ta zagayo ba, an riga an san irin matar da za ta zama. Na ce ko asu ne, na zuba kafur. Na ce ko sabulun ne, na canja. A littattafaina kuwa in kayan amarya suka lalace haka kawai, wani ne ke bin auren da mugun nufi, sai na shiga lissafa matan gidan hayar ɗaya bayan ɗaya, wace ce ta taɓa yaba shuɗin zanen nan da yawa. Abu ɗaya ne ban yi shakka a kansa ba, mijina ba zai gani ba. Mutumin da ke ɗauke da kapiten a ka, ba zan ɗora masa sakacin mata ba. Na sa farin zare na cike hudojin rigar iya waɗanda na iya, na tura ta can ƙasan akwati, na rufe. Akwatin nan shi ne kujerata a ɗaki. Juma'a biyu ina ba shi shuɗiyar riga ina cewa farar ba a buga ba.

Na sake wanki, abin ya sake faruwa. Na sake ɓoyewa.

Shi kuma yana ramewa a gabana. Ya daina kwanciyar rana. In mota ta tsaya a waje sai ya miƙe tsaye ya saurara har ta wuce. Ya ce mazut ɗin da ake ƙonawa ya ragu da gaske, kapiten yana murna, har ya dafa masa kafaɗa gaban ma'aikata, kuma dafawar nan ta fi masa zagi ciwo. Ya ce yakan je ya kara kunne a jikin akwatin tiyoyin kamar mai sauraron cikin mara lafiya, ba ya jin komai. Sau da yawa yakan ce, ba da ni yake ba, "Da ina da abin da zan ɗora masa a kan tebur." Ni kuma sai in hango wata na'ura mai ƙyalli da allura, tana zuwa cikin jirgi daga Faransa, in roƙi Allah ya kawo ta.

A gidan hayarmu akwai wata tsohuwa Bazabarma, mijinta ya rasu, tana suyar masa a ƙofar gida. Inna muke ce mata. Ita kaɗai ce ba ta jin tsoron kowa a unguwar. Wata safiya ina kwance da littafi ta ɗaga labule ta shigo da farin mayafi a hannu.

"Fofo, amarya. Ajiye takardar nan, masoyan ba gudu za su yi ba."

Na tashi na gaishe ta. Ta ware mayafin ta rufe fuskarta da shi.

"Kina ganina? Ni dai ina ganinki sarai."

"Asu ne, Inna. Ni ma ya taɓa mini."

"Asu! Asun Damagaram ne ke cin kwanon rufi? Taso."

Ta ja ni waje ta nuna mini farantin da take kife masa da shi, da ƙofar langalangar ɗakinta, duk ɗigon tsatsa sabo. Ta dangwali wani baƙin ɗigo a kan randa ta miƙo mini yatsa.

"Lasa. A'a, lasa mana, ba guba zan ba ki ba. Kin ji? Tsami kamar tsamiyar bara. Hayaƙin mijinki ne. Tun kafin a yaye ki nake zaune ƙarƙashin bututun nan. Baƙi yake sa wa kaya, ka wanke ya fita. Bana ne ya yi haƙori."

Tsamin na kan harshena na tuna murfin kwanon nan. Gumin ne. Ya ci ƙarfe a ciki bai ƙoshi ba, ya manne da baƙin hayaƙi ya fito yana sauka a kanmu.

Mai hankali da ta ruga ta gaya wa mijinta. Ni ba haka na yi ba. Abin da na hango shi ne matan unguwa sun ɗunguma wajen mai unguwa da tsummokaransu, mai unguwa ya kai wa sojoji, sojoji sun buɗe kaye sun ga sunan wanda ya sa hannu. Na durƙusa na kama ƙafar Inna.

"Don Allah, Inna, don Annabi, kada ki gaya wa kowa. Ɗauke shi za su yi."

"Sakar mini ƙafa, masata na ƙonewa. Na ji. Saboda ke, ba saboda dogon mijin naki da ke gaisuwa da ka kamar ƙadangare ba. Amma mayafina fa na zuwa jana'iza ne, ki sani."

Mako guda cur na riƙe maganar. Na koma shanya a cikin ɗaki. Kafin ya dawo da rana sai in bi tsakar gida da tsumma, in goge randa, in goge ƙofa, in goge kujerar da yake zama. Kuma zan faɗi gaskiya tunda tsufa ya zo: a cikin tsoron nan akwai wani ɗan daɗi. Gani nake yau ga ni na zama macen da ke riƙe da asiri don ta ceci wanda take so, tana murmushi a fili tana ƙonewa a ciki. In na kawo masa ruwa sai in dube shi in ce a raina, ba ka san abin da nake yi dominka ba.

Ranar Juma'a ya fito daga wanka ya ce, "Yau farar nake so. In ba a buga ba ma haka zan sa ta."

Na ce ban san inda na sa ta ba. Ya ce ɗakin ai ba kasuwa ba ne. Ya tsaya yana jira, ni ina zaune a kan akwati. Ƙarshe dai na tashi na buɗe.

Ya ware rigar, ya juya wajen ƙofa inda rana ke shigowa. Haske ya ratso ta kamar rariya. Na zube a gabansa na fara maganar da na yi mako ina shiryawa, yadda na gwammace in mutu da in ga an taɓa shi, yadda na ɓoye don ƙauna. Ban kai rabi ba ya katse ni.

"Tun yaushe?"

"Mako huɗu."

"Huɗu."

Ya nemo wani baƙin ɗigo da bai fita ba a wajen aljihu, ya jiƙa yatsa ya taɓa, ya kai harshe.

"Akwai wasu?"

Na fito da su duka. Ya shimfiɗa su a tabarma, yana tambayata wanne na wanke a wace rana, yana jera su bi da bi. Na baya sun fi na farko ci. Bai daka mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce a hankali, "Wata guda ina neman abin da kike zaune a kai."

"Na ji tsoro su ce kai ne ka ɓata wa unguwa kaya."

"Za su iya cewa. Amma gara su ce yau, tiyo bai fashe ba."

Ya fara ninke su wuri ɗaya, har da zannuwan. Nan na farka.

"Maigida, zanen ɗaurawata za ka kai gaban wani namiji? Soja ma?"

"In rigata kaɗai na kai, cewa zai yi wutar sigari ce."

"Ai ba ka shan sigari."

"Shi yana sha. Abin da ya sani ke nan."

Na yi kuka, na ce in labari ya je Damagaram da wane ido zan dubi mahaifiyata. Ya ce in zaɓa, ko zannuwan su je biro ko shi ya je inda ba a sani ba. Na nemo takardar buhun siminti na naɗe su da kyau don kada a gani a hanya.

Ranar Asabar rabin wuni ake aiki. Ya ɗaure ƙunshin a bayan mobilet ya tafi. Sha biyu ta yi, na ji jiniyar tashi. Ma'aikatan unguwarmu suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Aka kira azahar, aka idar. Ina tsaye a zaure sai ga motar soja ta shigo lungunmu tana tafiya a hankali, ta tsaya daidai ƙofarmu. Matan gida suka watse kowa ta faɗa ɗakinta. Mijina ya sauko daga baya tsakanin sojoji biyu, ba hula a kansa. Ban san yadda na kai bayan labulena ba.

Kapiten ya yi sallama ya shigo tsakar gida. Na daɗe ina zana shi a raina, ƙato, mai jan ido. Ashe gajere ne, siriri, leɓɓansa duk sun tsage, da ka gan shi ka ga wanda ya daɗe a arewa. Ƙunshina na hammatarsa.

"Madam, ke kika wanke kayan nan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Kin sa ruwan jabel, mai faranta kaya?"

"A'a."

"Da dutsen guga na gawayi kika goge?"

"Ba a goge ba."

"Akwai batir a gidan nan? Na mota, na rediyo?"

Sai a nan na gane inda ya dosa. Zargi yake mijina ne ya yayyafa wa kayan ruwan batir da hannunsa don ya ci gardama. In haka ta tabbata, ba korar aiki ba ce. Na buɗe baki in rantse. Duk maganganun da na haddace ba wadda ta zo.

Ƙofar langalanga ta yi ƙara. Inna ce ta fito, mayafi a kafaɗa, faranti a hannu.

"Kai ne babban? To zo nan, ɗana. Kai ne ka sa wa hayaƙi haƙori?"

Sojojin nan biyu suka ƙame. Ɗaya ya ce, "Tsohuwa, koma ciki."

"In koma ina? Gidan ubanka ne? Ni da shi nake." Ta ware mayafin a fuskar kapiten. "Wannan ma batir ne? Ni da ko tocila ba ni da ita? Ga faranti. Ga ƙofa. In ka ce dogon nan ne ya bi unguwa yana yayyafi, to hau ka dubi rufi, ko can ma tashi ya yi."

Kapiten ya dube ta, ya dubi rufin. Ya jawo turmin da ke kife ya taka, ya leƙa kan kwanon. Ya daɗe. Ya goga yatsa, ya kai baki, ya tofar. Ya sauko ya gyara turmin yadda ya same shi.

"Inna, a yi haƙuri," ya ce. Sannan ya juya ga mijina. "Za a kashe wuta yau. Kana can har a buɗe. In na tarar da tiyo lafiya lau, ka tsayar da masana'antar gwamnati kwana uku a banza, ka san sauran."

Suka tafi da shi. Ko waiwayowa bai samu yi ba.

Kafin la'asar bututun ya daina hayaƙi. Kwana uku yana tsaye haka, baki buɗe, ba komai. Inna ce ke kai masa abinci ta miƙa wa mai gadi, ta dawo ta ce ba ta gan shi ba, amma kwanon jiya ya dawo wankakke, ke nan yana da rai. Ni kuma na rasa addu'ar da zan yi. In na ce Allah ya sa ƙarfen lafiya, na roƙa masa kurkuku. In na ce Allah ya sa ya ci, in ya ci da yawa fa, ga sunansa a kaye? Sai na koma cewa, ya Allah ka sa ya ci daidai. Kuma duk lokacin da na ɗaga hannu sai in tuna mako huɗun nan. Duk abin da gumin ya ci a cikinsu, da hannuna a ciki.

Ranar Talata bayan la'asar na ji ƙarar mobilet a lungu. Na san tarinta. Ya shigo baƙi ƙirin tun daga gashi har ƙafa, idanu kaɗai ke fari. Ya zauna a bakin ƙofa. Na kawo ruwa ya shanye, na ƙaro.

"Ya ci?"

"Ya ci. Layi biyu na ƙarshe, inda iska mai sanyi ke shiga, a jiƙe muka same su, tsatsa na ɓarewa kamar ɓawon itace. Tiyo ɗaya ya huje, mun toshe shi. Sauran za su kai mu. Da an ƙara wata guda, da ba wannan zancen muke ba."

"Shi ya gani da idonsa?"

"Da rarrafe ya shiga, da tocila a baki. Ya fito ya fi ni baƙi."

"To nawa aka sa?"

"Ya ce ɗari da sittin. Na ce da asuba iska na da sanyi, ƙarfen zai yi gumi kafin rana ta ɗaga. Ya ce kowace digiri mazut ce, ya ga abin da ake binnewa a arewa, ba zai watsar da ko cokali ba. Na ce na sani, amma ɗari da saba'in. Ya ce in an kawo man da ya fi wannan tsabta fa? Na ce ranar sai mu sake zama. Ya ce rubuta ɗari da saba'in ɗin."

"Ka sa hannu kuma?"

"Na sa. Shi ma ya sa nasa a ƙarƙashin nawa. Ni ban roƙe shi ba."

Na tsuguna kusa da shi, na yi tambayar da ta hana ni numfashi kwana uku.

"Za su dawo su ɗauke ka?"

"A'a. Ya dakatar da ni kwana takwas."

"Don me kuma? Ba kai ke da gaskiya ba?"

"Wai don na sa hannu a lambar da na san ba daidai ba ce."

Inna da ke saurare daga ƙofarta ta tuntsire da dariya har da tari. "Soja ke nan! Ka ƙi, laifi. Ka yi, laifi. To tunda kana gida kwana takwas, dogo, ga rufina nan yana jiranka."

Ya gyaɗa mata kai. Na tashi zan haɗa masa ruwan wanka, sai na tuna.

"Maigida, zannuwana fa?"

"Suna biro. An liƙa wa kowanne takarda an buga hatimi. Sun zama kayan gwamnati."

Ban sake ganinsu ba. Rana ta tara ya hau mobilet ya koma aiki, mai gadi ya buɗe masa ƙofa.